Ranar Da Baba Mai Hoto Ya Fito A Hoto

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina shafin yau", na gan ku ɗaya bayan ɗaya, kuma na yafe muku. Ke kuma da kika ce in aka sa Baba kuka a labarin nan za ki daina karantawa, 'yar uwa jawo gefen mayafinki kusa, ni dai ban ɗaukar miki alkawarin komai ba.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Baba Mai Hoto yana ɗaukar 'yan yawon buɗe ido hoto a dandalin tsakiyar gari, gaban hasumiyar agogo, tun kafin a haifi autarsa. Yanzu idonsa ya yi rauni. Auta ce ke tsayawa a bayansa da lema wai tana kare masa rana, alhali ɗauka take yi da wayarta a ɓoye, ta wanke nata ta miƙa wa mutane a matsayin nasa. Yayanta kuwa ya riga ya rantse, ranar da ya tabbatar idon Baba ya kasa aiki, ranar zai ɗauke shi daga dandalin ya zaunar da shi a gida. Auta ta san in aka raba Baba da dandalin nan, an gama da shi.

To bismillah.

*

Auta na cikin rumfa tana jera takarda a firinta ta ji sallama. Tun kafin ta ɗago ta gane muryar. Dattijuwar nan ce ta jiya, wadda ta zo da 'ya'ya da jikoki mota guda, suka cika gaban hasumiya kamar an tashi 'yan makaranta.

"Ina mai hoton? Wurinsa na zo."

Baba na zaune a kujerarsa ta bakin rumfa, kyamara rataye a wuya. Ya miƙe yana gyara hula.

"Ga shi gabanki, Hajiya. Allah ya sa lafiya. In dai hancin wani ne ya karkace, haka ya zo min da shi, ba ni na karkatar ba."

Dattijuwar ta yi dariya har tana dafa ƙirji.

"Ƙari nake so. Kowa a gida ya ce sai an ba shi nasa. Ni dai na sha yawo, na sha ɗaukar hoto, amma ban taɓa ganin mai hoton da ya fito a cikin hoton da ya ɗauka ba. Yaya aka yi ka yi?"

Takardun hannun Auta suka zube ƙasa.

Jiya ne. Mutanen sun yi yawa, sai ta ja da baya don kowa ya shiga. Ga layi ya yi tsawo, ga wani na ta mita motarsu za ta tashi, ta wanke hoton ba ta yanke gefensa ba. Ta leƙo ta kafaɗar dattijuwar. Ga Baba nan a kusurwar hoton, ƙeyarsa da hularsa, gwiwa ɗaya a ƙasa yadda ya saba, kyamara a ido. Kyamarar ma ba mutanen take kallo ba, sandar fitila ta saita.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Baba ya miƙa hannu aka saka masa hoton. Ya kai shi kusa da fuska, ya daɗe a haka, yana shafa gefensa da babban yatsa.

"Sirrin sana'a ne, Hajiya," ya ce. "In na faɗa miki, gobe sai in tarar kin kafa rumfa kusa da tawa."

"Kai dai ka iya zance."

"Amma na gode da kika dawo da shi. Ashe ƙeyata ta fi fuskata kyau, ban sani ba duk shekarun nan. Auta, wanke wa Hajiya yadda take so. Kada ki cire ni."

Yadda Auta ta wanke hotunan nan, ita kanta ba za ta iya faɗa ba. Ta saka su a ambulan, dattijuwar ta sa musu albarka ta tafi. Rumfar ta yi shiru, sai ƙarar firinta tana hucewa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Rufe rumfar."

"Baba, don Allah ka tsaya in yi maka bayani…"

"Na ce ki yi bayani? Rufe rumfar na ce. Yau mu ne baƙi a garin nan."

Ta tsaya tana kallonsa. Da faɗa ya yi da ta fi samun sauƙi, don faɗan Baba ta san farkonsa ta san ƙarshensa. Wannan sanyin muryar ne ba ta san inda ya dosa ba.

Ta ja ƙofa ta datse kwaɗo. Wayarta ta yi ƙara a jaka, ta duba. Yaya ne. Tun jiya ya ce zai biyo ya kawo maganin ɗigawa na idon Baba. Ta danne kiran ta mayar da wayar.

Baba ya dafa kafaɗarta kamar yadda yake yi kullum in za su tsallaka titi.

"Ina za mu fara?" ta tambaya a hankali.

"Inda baƙi ke farawa mana. Na tsufa ina nuna wa mutane hanyar gidan tarihi da baki, ban taɓa taka cikinsa ba. Kullum gobe, kullum gobe."

Suka ratsa dandalin. Tattabaru suka tashi gabansu suka sake sauka. Wani ɗan jagora ya wuce da baƙinsa a baya, tuta a hannu, yana ta zuba cewa tunda aka gina hasumiyar nan agogonta bai taɓa tsayawa ba.

Baba ya sunkuyo kunnen Auta.

"Ƙarya yake. A gabana ya tsaya, damina guda cur yana nuna lokaci ɗaya. Tsuntsu ne ya yi sheƙa a ciki."

"To ka faɗa musu mana."

"In hana bawan Allah cin abinci? Bar shi. Kowa da irin lemar da yake ɓuya a ƙarƙashinta."

Maganar ta sauka mata a ƙirji. Ta sunkuyar da kai.

A ƙofar gidan tarihi mai yankar tikiti ya gan su ya washe baki.

"Baba Mai Hoto? Yau kuma ɓatan kai ka yi?"

"Na zo in ga abin da kuke ɓoyewa a ciki da har mutane ke bin layi."

Ciki sanyi, ga ƙamshin man goge katako. Baba ya ce gilashin akwatunan yana kashe masa ido, ta riƙa faɗa masa abin da ke ciki. Ta riƙa faɗa. Tsofaffin tukwane, ma'aunin 'yan kasuwar da, taswirar gari tun yana da tituna kaɗan, ƙararrawar jirgin ƙasa na farko. Shi kuma yana gyaɗa kai, kowanne sai ya samo abin cewa a kai.

A ɗaki na ƙarshe ta ja ta tsaya.

"Baba, ga kyamara."

"Wace iri?"

"Babba ce, ta katako, a kan ƙafa uku. Da baƙin ƙyalle a bayanta."

Ya yi 'yar dariya.

"Da irinta na koyi aiki. Ka tura kai cikin ƙyallen nan da rana tsaka, ka fito kamar an tsamo ka daga rijiya. Ashe mun zama kayan tarihi. Tambayi mai gadin nan ko akwai sauran akwatin gilashi daidai tsawona, ku saka ni kusa da ita ku huta."

"Baba, ka daina."

Muryarta ta karye a kan kalmar. Ya ɗan matse kafaɗarta.

Da suka fito rana ta take. Suka bi ta layin masu sayar da kayan tsaraba, ƙananan hasumiyoyi na roba da riguna masu zanen agogo, kowa na kiran Baba, shi kuma yana amsa wa mai kiran da sunan sana'arsa tun kafin ya rufe baki. Wayarta ta sake ƙara. Yaya. Ta kashe mata murya gaba ɗaya.

Suka zauna a benci kusa da famfon ado na tsakiyar dandali, inda ruwa ke tashi sama yana zubowa. Iska na ɗan watso musu feshinsa. Baba ya ɗaga fuska yana karɓa.

"Nan na fara ganin mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta," ya ce. "Ta zo da ƙawayenta yawon ganin gari. Na ɗauke ta, na ce ta dawo gobe ta karɓa. Da ta dawo na ce hoton ya ƙone, sai an sake."

"Ya ƙone ɗin?"

"Yana cikin aljihuna. Haka na yi ta ƙona shi har ta gaji ta ce, malam, in magana ce da kai ka faɗa, takalmina ya kusa cinyewa."

Auta ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka ba ta shirya ba. Ta zame daga bencin ta durƙusa gabansa, ta kama hannunsa da nata biyu.

"Baba, ka yafe min. Wallahi ba raina ka na yi ba. Na ga hotunan sun fara fita ba daidai ba, wani ba kai, wani sama kawai. Na ji tsoro Yaya ya gani. Na ce in ɗan taimaka kafin idon ya warware, sai abin ya zarce. Ban san ta inda zan faɗa maka ba."

"Tashi ki zauna. Mutane za su ce na hana ki miji ne."

"Sai ka ce ka yafe."

"Tashi, Auta. Me zan yafe? Abin da da ni aka yi shi?"

Ta ɗago da jiƙaƙƙiyar fuska.

"Ban gane ba."

"Zauna tukuna."

Ta koma kan bencin, hannunsa har yanzu a nata.

"Ke a ganinki," ya ce, "mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron ƙarar kyamara ba zai ji ƙarar wata a bayan kunnensa ba? Ranar farko ma ba ki kashe mata murya ba. Na danna tawa, na ji ƙyas a bayana. Na ce to, yau kuma kyamarata ta haihu."

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar. Ba ki lura na rage saurin ƙirga ba? Da can kafin mutum ya gyara wuyan riga na gama. Yanzu sai in ja ɗaya, in yi hira, in ja biyu, in gyara hula. Jira nake ki gama saitawa, don na ji lemar nan tana ba ki wahala."

Auta ta rufe baki da tafin hannu. Duk fargabar da ta sha, duk bugun zuciyar da take yi in ta zaro wayar nan, ashe da saninsa. Kunya ta kama ta, ga wani daɗi da ya cika mata ƙirji har yana mata zafi.

"Kuma ko da ban ji ƙarar ba," ya ci gaba, "ai ramin ƙarya ƙurarre ne. Ido na mutuwa, hoto na ƙara kyau, a ina aka taɓa yin haka? Ni mutanena a ƙame suke fita kamar masu jiran hukunci, haka aka koya min. Kwatsam sai na fara jin ana cewa, kai, dubi yadda ya kamo dariyar yarinyar nan. Ni yaushe na taɓa kamo dariya? Ke ba kya ɗauka a kan uku. Sai sun saki numfashi sun ɗauka an gama, sannan ki danna."

"Haka nake yi," ta ce a sanyaye.

"Na sani. Kin fi ni, Auta. Ban taɓa faɗa wa wani mai hoto haka ba, kuma in kika ba da labari zan musa."

Ta yi murmushi tana share hanci da gefen mayafi.

"To me ya sa ba ka yi magana ba, Baba? Ka bar ni ina ta zullumi."

Agogon hasumiya ya buga, tattabaru suka watse.

"Son kai ne," ya ce. "In na yi magana, ya zama gaskiya. In ya zama gaskiya, yayanki zai zo da motarsa. Ba mugunta yake nufi ba, na sani, yaron kirki ne. Zai ba ni ɗaki mai fanka da katifa mai laushi, a riƙa kawo min shayi ana tambayata ya jiki. Ni kuma ba ciwo nake ba. Nan na san kowane dutse da tafin ƙafata. Nan in na yi tari akwai mai cewa sannu Baba Mai Hoto. A can ni wane ne? Tsoho a ɗaki."

"Ba inda za ka. Ni zan tsaya."

"Ke kina rufa min asiri, ni ina rufa miki, muka zauna lafiya. Sai ga ƙeyata ta tona mu."

"Ba wanda ya sani sai Hajiyar nan, ita ma ba ta gane ba. Zan riƙa lura. Ai likita ya ce in ana ɗiga maganin, abin da ya rage ba zai tafi ba. Tunda kana ganin mutum ko da inuwa-inuwa ne, za mu iya. Yaya ba zai taɓa sani ba."

Baba ya saki hannunta, ya cire igiyar kyamarar daga wuyansa. Auta ba ta taɓa ganin wuyan nan babu igiyar da rana ba, har fatar wurin ta fi sauran haske.

"Karɓi."

"Baba…"

"Ba kyauta na ba ki ba, kada ki yi saurin murna. Aiki zan sa ki. Na ɗauki mutanen duniya a gaban hasumiyar nan, wanda na sani da wanda ban sani ba, amma ni ba ni da ko ɗaya. Na farko da na samu, ƙeya ce. Ɗauke ni ta gaba, yadda ake ɗaukar baƙo."

Ta karɓa. Kyamarar na da ɗumin jikinsa.

Ta kai shi daidai inda yake tsayar da mutane, kan faffaɗan dutsen da ƙafafu suka goge har yana sheƙi. Ta gyara masa hula, ta kakkaɓe masa kafaɗa.

"Kada ki sa ni in ƙame," ya ce.

"Ai kai ka ce na fi ka."

"Ga shi tun yanzu kin fara ba da labari."

Ta juya tana dariya. Ta nufi inda ya saba durƙusawa, sai ta ga rana ta riga ta juya, in ta tsaya nan fuskarsa za ta yi duhu. Ta zaga ta hagu sosai, ta bayan wasu baƙi da ke kallon taswira, har ta samu inda haske ya faɗo daidai. Ta sa gwiwa ɗaya a ƙasa yadda yake yi. Ta kai kyamarar ido.

Ga hasumiya ta miƙe a bayansa. Ga Baba tsaf, hannu a ƙirji, yana murmushin da ta daɗe ba ta gani ba.

Sai dai ba ita yake kallo ba.

Yana fuskantar wurin da ya saba durƙusawa, inda ta baro. Ta ɗaga hannu ta kaɗa. Jan mayafi ne a jikinta, rana na dukansa, tazarar ba ta kai a ce nisa ba. Ko makon jiya daga irin wannan wurin yana cewa ga Auta can kamar tuta. Ta sake kaɗa hannun, da ƙarfi. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Ashe inuwa-inuwar ma ta tafi, kuma bai faɗa mata ba.

Ba ta sauke kyamarar ba ta ga mutum ya shigo cikin hoton ta gefe, da sauri, makullin mota a hannu ɗaya, ledar magani a ɗayan. Yaya. Ya tarar da rumfa a rufe, ya kira ba a ɗauka ba, ya biyo dandali yana nema.

Ya zo ya tsaya a gaban Baba, daidai inda Baba ke kallo, kusa har in ya miƙa hannu zai taɓa shi. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa, sai ya fasa. Ya tsaya yana duban idon mahaifinsa. Baba na ta murmushi, idonsa a kan ƙirjin ɗansa, bai san da kowa a wurin ba.

Yaya ya ɗaga hannu a hankali, ya gilma shi ta gaban fuskar Baba. Sannan ya juyo ya dubi Auta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Auta," Baba ya ce, murmushin bai bar fuskarsa ba, "kin yi shiru. Yi magana mana, in san inda zan duba."